Ƙafar Mudi da Katakon Alhaji

Mudi magini ne, ɗan Zurmi. Tun da hanyar gonarsu ta gagari shiga saboda 'yan bindiga ya dawo Ƙaura Namoda wurin gwaggonsa Ladidi, mai sayar wa leburori tuwo a bakin tasha. Ita ta samo masa aiki a shagunan bene da Alhaji Haladu, wani dillalin hatsi na Shinkafi, yake ginawa. Ana cikin ɗora bulon ƙarshe katakon da yake tsaye a kai ya ɓalle, ya faɗo, ƙashin ƙwaurinsa ya fasa fata ya leƙo.

Aka kai shi wurin maɗori, aka ɗaure. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Maɗorin bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya ce wannan ta fi ƙarfin ɗori, a kai shi asibitin Gusau tun ba a kai ga yankewa ba.

Ladidi ta sami Shamsuddeen ɗan kwangilar ginin, wanda ake ce wa Injiniya saboda hular ƙarfen da ba ya rabuwa da ita. Ya rantse katakon ba nasa ba ne, shi sabo ya nema, Alhaji ne ya aiko da tsofaffin katakan rufin sitonsa. Ranar kasuwa ta hau mota har Shinkafi. Alhaji ya yi mata jaje mai daɗin ji, ya ambaci ƙaddara, ya ce shi dungurungum ya ba da aiki, bai san sunan lebura ko ɗaya ba, wanda ya ɗauki mutum aiki shi ke da shi. Ya sa aka auna mata gero. Ta bar masa geronsa a nan.

To, wadda ta tsufa tana ciyar da magina ta san ranar da mai gini ba ya son wasa: ranar zuba dakin, wato rufin siminti. An hayo injin kwaɓa siminti daga Gusau, an tara yashi da tsakuwa, an kira leburori. Kuma kowa ya sani, in ana zubawa ba a barin ko akuya a ƙasa, don nauyin ɗanyen siminti kan karya sandunan da suka tokare rufin.

Da safiyar ranar Ladidi ba ta ɗora tukunya ba. Ta sa 'yan tasha suka ɗauko Mudi da gadonsa a kura, suka shigar da shi tsakiyar sandunan nan. Ta ajiye kujerarta a gefensa, ta zauna tana kore masa ƙuda.

Inji ya riga ya kwaɓa zubin farko, leburori sun jeru da kwanoni a ka. Na gaba ya leƙa ƙasa, ya sauke kwanonsa. Sauran ma suka sauke.

Shamsuddeen ya fara da lallashi, yana Inna kaza, Inna kaza. Da bai ci ba, ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, akwai wurin zama, su ma su shaƙi abin da take shaƙa. Ya juya kan leburori, ya ce duk wanda bai ɗauki kwano ba ya bar masa aiki. Malami, babbansu, ya tuɓe tsumman da ya naɗe ƙafa da shi, ya ce shi dai bai taɓa zuba wa mai rai siminti ba, amma in Injiniya ya fara, sai su gani su koya.

Ana haka motar Alhaji ta iso, ya zo ganin rufinsa da kwalin lemo a baya. Ya tsaya nesa, ya toshe hanci da bakin riga.

"Hajiya, wanga ba mutunci ba ne. Ki hito mu yi magana."

"Ba ni je Makka ba, Alhaji. Kuma maganar mun yi ta a Shinkafi. Kai ka ce ba naka ba ne, Injiniya ya ce ba nashi ba ne. To, na kawo shi ga ginin da ya karya shi. In ginin ma bai da mai shi, ku zuba."

Nan fa mutanen biyu suka hau juna a gaban jama'a, wannan na cewa katakonka, wancan na cewa leburanka. Mai inji ya katse su, ya ce siminti na daskarewa a cikin injinsa, in ya kama, su biyun zai riƙe. Alhaji ya dubi tulin buhunan siminti, ya dubi 'yan kasuwar da suka taru suna kallo, waɗanda gobe su ne masu kama hayar shagunan. Ya miƙa wa direbansa makulli, ya ce a sauke lemo, a kwantar da kujera. Ya ce shi zai tsaya wa kuɗin asibiti, amma Injiniya ne zai shiga baya ya riƙe ƙafar har Gusau, in ya so daga baya su je gaban alƙali su rabe.

Aka ɗauki Mudi. Ya kama gefen zanenta, ya ce, "Gwaggo, taho mu tahi." Ta ce ya yi gaba, tana da sauran zama.

Mota ta tashi, Alhaji ya ce to ai sai ta fito. Ta gyara zama. Ta san mota na iya juyawa a bayan gari ta sauke mutum ƙofar gida. Ta ce sai ta ji muryar Mudi daga gadon asibiti. Aka zubar da kwaɓin farko, ya daskare a ƙasa. Alhaji ya zauna kan bulo, rana na dukansa, leburori na shanye masa lemo.

Sai bayan azahar wayar Malami ta yi ƙara. Ladidi ta kara a kunne. Mudi ne, ya ce an karɓe shi, likita ya yi faɗa sosai, amma ya ce ƙafar za ta tsira.

Ta miƙe, ta ɗauki kujerarta. A bakin fita ta tsinci guntun katakon da ya ɓalle, gara ta cinye cikinsa. Ta juya shi, ta ajiye a gaban Alhaji, ta ce ya mayar sito, ko tuwo ba zai dafa ba.