Igiyar Bappayo

"Da raina dai ba za ka shiga ruwan nan da tukunyar gas a bayanka ba!"

"Ba gas ba ne, Bappa. Iska ce."

"Iska! Iskar da Allah Ya ba kowa kyauta, ita aka ɗure a ƙarfe ake mana burga da ita? In ta fashe fa? Ko fashe-fashen da muka gani a garin nan ba su ishe ka ba?"

"Wannan daban."

"Komai naka daban ne. Kai Haidar, dube ni in ina maka magana."

Ban dube shi ba. Tukunyar nake kallo, tana kwance a kan tulin yashi, rawaya, fentinta duk ya kankare. Masu lodin tifa sun jingina da shebur suna sauraro. Bappayo ba ya faɗa a hankali. In ya fara, har masu wucewa kan gadar Jimeta sai sun leƙo.

Ƙanin babana ne. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi muka iso nan ni da Dada, mahaifiyata, rabi a ƙafa, rabi a bayan motar shanu. Babana ya ce mu yi gaba, yana biye da mu. Bappayo ya yi ta zuwa tasha yana leƙa kowace mota, har wata rana ya daina. Shi ya riƙe mu a unguwar Demsawo. Shi ya sa ni makaranta. Da na gama sakandare gaba ta ƙi buɗewa, shi ya sa ni a kwalekwalensa na yashi.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ka ɗau bokiti, ka ja numfashi, ka nutse, ka ciko, ka doki ƙasa da ƙafa ka taso. Ido rufe. Duk mai yashi ido rufe yake nutso, don babu abin gani, kuma yashi ba ya wasa da ido. Ni kaɗai Bappayo ya ƙara wa abin da ba a yi wa kowa: igiya a ƙugu, ɗaya bakin a hannunsa. In na ja, ya fizgo ni. In na daɗe, ya fizgo ni. Yara suna kirana ɗan akuyar Bappa. Na saba.

Oga Harrison yashi ya zo saye. Mutumin wajen Numan ne, yana gini a bayan layinmu, ya zo hutun Ista. A kudu yake aiki, ƙarƙashin manyan jiragen ruwa. Ya tsaya yana kallona ina nutso, da na fito ya ce, "Kai, yaro, kana da huhu fa." Sai ya buɗe waya.

Wani wuri ne da aiki ya taɓa kai shi, can tekun gabas. Ruwa kamar gilashi. Duwatsun murjani masu rassa, ja da fari. Kifi shuɗi, kifi rawaya mai zane kamar atamfar biki, kunkuru yana shawagi kamar shaho. "Da hannuna na ɗauka," ya ce. Na ce ya sake nuna mini. Ya sake. Na sake cewa.

Wurin aikinsu ana ɗaukar samari a koya musu. Aikin farko shi ne ka sauka da kyamara ka ɗauko hoton gindin jirgi, a ga inda ya lalace. "Riƙe numfashi ba shi ne aiki ba," ya ce. "Ogana hoto yake so. Kawo mini hoto ɗaya mai kyau daga cikin Binuwai in tura masa, bayan Ista mu tafi tare." Tukunya ɗaya ya zo da ita, kuma duk Yola babu inda ake cika irinta. In ta ƙare, magana ta ƙare.

Ita ce tukunyar da muke faɗa a kanta.

Oga Harrison ya matso ya cire hula. "Baba, don Allah sanyi. Ni ma ina da yara, ba zan kashe ɗan wani ba."

"Ɗan wani? Ɗan wani ka ce?"

"Bappa," na ce. "Zan shiga. Ko da igiya, ko babu."

Wani mai lodi ya yi tari. Bappayo ya kalli ruwa, yana tauna leɓe.

"Da igiya," ya ce.

"Igiya ba matsala," in ji Oga Harrison. "Amma Baba, ka ji ni da kyau. Za ka ga kumfa, kumfa da yawa. Kar ka ja. Kumfa yana nufin yaro yana numfashi."

"A nan in kumfa ta taso, likkafani ake nema."

"Wannan daban, Baba."

Bappayo ya juyo gare ni. "Ashe nan ka koyo ta."

Shi da kansa ya zaɓi wurin. Washegari da hantsi ya tura mu sama da gari, muka bar masu wanki da masu yashi a baya, har wani gurbi a gindin duwatsu inda ruwa ya kwanta. Rani ya tsotse kogin, tsibiran yashi sun fito fari fat. Nan ruwan kore ne, ba ja ba. Ina iya ganin gorar tuƙi har ƙasa da tsayina.

A bakin gaɓa aka fara, inda ruwa ya tsaya mini a ƙirji. Oga Harrison ya ɗaura mini tukunya, ya sa mini gilashi, ya cusa mini roba a baki. Na durƙusa. Na ja iska. Ta zo, busasshiya, mai sanyi, da ƙara kamar ana buɗe kwalbar lemo. Ina cikin ruwa ina numfashi! Sai na ji ƙwas-ƙwas a gilashina. Na taso.

"Me kake yi?" in ji Oga Harrison.

"Numfashi."

"Da ido a rufe? Gilashin fa, ado ne? Kyamara ce zai gani maka?"

Daga kwalekwale Bappayo ya yi dariya, ta farko tun jiya. "Ɗan yashi ke nan. Ka ba shi madubi ya yi barci a ciki."

"Na biyu," in ji Oga Harrison, ya daina wasa. "Ku kun saba riƙe numfashi. Da tukunya, in ka riƙe kana tasowa, huhu zai fashe kamar balan-balan. Ka taso a hankali, kana hurawa. Ka ga allurar agogon iskar nan? In ya taɓa ja, ka fito, ko mala'ika ka gani."

Bappayo ya ɗaura mini igiya da ƙullinsa na kullum, ya yi addu'a ya tofa a kaina. Oga Harrison zai bi kumfata daga sama da nasa gilashin. Ya rataya mini kyamara a wuya. Na sauka.

Na buɗe ido.

Wayyo Allah! Ashe haka yake? Shekaru ina shiga ɗakin nan ban taɓa ganin cikinsa ba. Rana ta shigo tsaye-tsaye kamar ta rufin kasuwa. Ƙananan kifaye farare suka juya gaba ɗaya, walƙiya guda. Ciyawa tana rawa ba kiɗa. Na yi ihu a cikin robar, kumfa ta tashi.

Sai ƙafata ta yi abin da ta saba. Na dira da ƙarfi, na kafa dugadugai. Yashi ya tashi ya rufe komai, na koma cikin kunu. Haushi ya kama ni. Na dubi allura, ta riga ta motsa. Na kwanta rubda ciki, na hana kaina motsi, ina jin iskar tana tafiya a banza.

A hankali ruwa ya washe. Wani talibambam ya zo ya tsaya a gaban gilashina, da idonsa na marar kunya. Na danna. Ya juya mini baya. Ƙarƙashin dutse tarwaɗa tana kaɗa gashin baki kamar tsohon ɗan sanda. Na danna, duhu ya yi yawa. Ba ko ɗaya da zan nuna wa mutum.

Sai na ga ƙasan. Ramuka ne zagaye-zagaye a yashi, kamar an jera akusa. Irinsu nawa na kwashe da bokiti ban sani ba? Gefen wani ramin wata karfasa ta tsaya, ba ta gudu ba. Maƙogwaronta a kumbure. Bakinta yana motsi kamar mai tauna goro, kuma tsakanin leɓunan na hango ɗige-ɗige baƙaƙe. Idanu ne. Ƙananan idanu, cike da baki.

Na ja jiki da gwiwar hannu. Ta ɗan buɗe baki, biyu suka leƙo suka koma. Na ce a raina, saki mana, 'yar albarka, saki.

Igiya ta motsa a ƙuguna.

Na ɗan ja ta, don ya san lafiya nake. Ban gama ba na tuna me ja yake nufi a wurinmu.

Fizga ɗaya ta ɗaga ni daga ƙasa. Ta biyu ta ja ni da baya a kan dutse, gwiwata ta ɗaye. Bappayo tsoho ne amma hannunsa na mai jan kwalekwale cike da yashi ne. Yana can yana kallon kumfa tana tafasa a kan ruwa, yaro ya wuce duk lokacin da ɗan Adam ke yi, ga shi kuma ya ja igiya. Na maƙale dutse da hannu ɗaya. In ya taso da ni da wannan saurin, huhuna. In na tsira ma, iskar da ta rage ba ta isa a sake sauka.

Na san ƙullinsa. Kullum ni nake kwance shi da yamma. Na sa yatsa na zare.

Igiyar ta yi sama kamar maciji.

Ban taɓa zama cikin ruwa ba tare da ita ba. Ƙuguna ya yi sakayau. Na koma na kwanta, yashi yana sauka a hankali, allura tana dab da ja. Karfasar tana nan. Ta kalle ni, na kalle ta. Sai ta buɗe baki.

Suka zubo. Kamar hayaƙi, kamar an watsa gero, ɗaruruwa, kowanne da rana a jikinsa, suka yi mata rawani. Na danna. Na danna. Na danna. Ina dariya, ruwa yana shigar mini ta gefen roba, ban damu ba.

Wani abu ya faɗo daga sama, fanjam. Kafin in ƙifta karfasar ta zuƙe su duka ta ɓace.

Na ɗaga kai. Bappayo ne, da rigarsa, da carbinsa a wuya. Idonsa a rufe gam. Yana share ruwa da hannu biyu, dama da hagu, yadda muke laluben wanda ya nutse. Ya wuce ta gabana, kusa har ina ganin furfurar gemunsa tana tashi. Bai gan ni ba.

Na kama hannunsa. Ya damƙe ni, damƙar da har yau akwai alamarta. Na tura shi sama, Oga Harrison ya sauko ya karɓe shi da ƙyar. Ni kuma na bi su a hankali, ina hurawa, ina kallon gindin kwalekwale yana girma.

"Na yi ta ihu, Baba kar ka ja, kar ka ja!" in ji Oga Harrison bayan mun hau. "Ina! Kamar ina magana da gada." Ya karɓi kyamara yana haki, ya kare ta da hannu saboda rana. Ya wuce talibambam, ya wuce duhu. Sai ya miƙe tsaye, kwalekwale ya kusa kifewa.

"Kai! Kai! Yaro, ka san abin da ka yi? Shekaru ina ruwa ban samu irin wannan ba! A Jimeta! Yau ɗin nan zan tura, ogana zai yi hauka. Je ka haɗa kaya!"

Na duba. Karfasar ta fito tsaf a hoton, har ƙwayar ido. Na ji kamar in tsallake kogin da ƙafa.

Bappayo yana zaune a ƙarshen kwalekwale yana tari, rigar ta manne masa. Igiyar tana kan cinyarsa, bakinta a kwance. Na zaci faɗa zai fara, na shirya. Sai ya miƙo hannu.

"Mu gani."

Ya kai kyamarar kusa da hanci, ya mai da ita nesa. Ya daɗe.

"Mun sha kama ta da 'ya'ya a baki," ya ce. "Ban taɓa ganin ta sake su ba."

Ya mayar. Ya fara naɗe igiyar a gwiwar hannu, zagaye bayan zagaye, ruwa yana ɗiga. Oga Harrison ya daina dariya, ya koma goge gilashi. Ni ina kallon jinin gwiwata. Da Bappayo ya kai bakin da na kwance, ya tsaya yana murza shi da yatsa, bai dubi kowa ba.

"Can ɗin da za ka kai shi, wa ke riƙe igiya?"