Kafaɗar Lorraine

Lorraine Dudek ta daɗe tana taimaka wa malama a ajin yara masu buƙata ta musamman, a wata firamare da ke arewacin jihar Ohio. Cikin yaran akwai Emmett. Magana ba ta zauna a bakinsa ba, kuma duk wata ƙara mai ƙarfi firgita shi take yi. Lorraine kaɗai yake bari ta ɗaure masa igiyar takalmi.

Wata safiya ƙararrawar gobara ta tashi ba zato ba tsammani. Emmett ya zabura zai ruga, ta tare shi a bakin matakala, ya bangaje ta, ta faɗi a kan kafaɗarta ta dama. Sai da aka yi mata tiyata.

Kamfanin inshora ya ƙi biyan diyya, wai tsohon ciwo ne. Lauyanta, Mista Halvorsen, ya ce akwai sabon hukuncin kotu da zai fisshe su.

"Amma sai kin nuna yaron yana da hatsari, kuma makaranta ta sani. Ki ce kina tsoronsa."

"Ni ba na tsoron Emmett."

"To, sai ki koyi cin abinci da hagu, ranki ya daɗe."

Ranar zaman kotu ta rantse, ta ce yaron mafaɗaci ne, kullum cikin fargaba take shiga aji. Ta yi nasara. Ba a jima ba hukumar makarantu ta ɗauki kalamanta ta kafa hujja da su, aka mayar da Emmett wata makaranta mai nisa inda ake kulle ƙofofi.

Tun daga nan Lorraine ta sauya kantin da take cefane, don kada ta haɗu da iyayen Emmett. Amma gari ƙarami ne. Wata Juma'a cikin azumin Kirista tana raba soyayyen kifi a zauren coci, sai ga Shawna, mahaifiyar Emmett, a kan layi da faranti.

"Mis Lorraine! Ina ta nemanki. Ya kafaɗa?"

"Da sauƙi, Shawna."

"Kin san abin da munafukan hukumar nan suka yi? Wai ke kika ce ɗana mafaɗaci ne. Na miƙe a gabansu na ce ƙarya suke, Mis Lorraine ba za ta taɓa faɗar haka ba. Na ɗaukaka ƙara. Ki zo ki ƙaryata su da bakinki."

Kifin ya suɓuce daga cokali. Lorraine ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na faɗa," ta ce, kanta a sunkuye. "Ni na faɗa."

Shawna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta ajiye farantin a kan tebur ta fita.

Halvorsen ya gargaɗe ta cewa idan ta sauya magana, kamfanin na iya tayar da shari'arta. Duk da haka ta je zaman ɗaukaka ƙarar, ko da yake Shawna ba ta sake nemanta ba. Ta ba da labarin ƙararrawar, ta ce an rage ma'aikatan ajin ana saura kaɗan abin ya faru, ta ce Emmett bai taɓa ɗaga mata hannu ba kafin ranar. Lauyan hukuma ya tambaye ta wace rantsuwar za a kama, ta farko ko ta yau. Wani a baya ya yi dariya. Ta ce ta yau.

Alƙalin ya ba da umarnin a dawo da Emmett ajinsa, a ba shi mai kula da shi shi kaɗai. Shawna ta roƙi abu guda: kada ya zama Lorraine.

Da Lorraine ta koma aiki, ɗakin karatu aka tura ta. Idan 'yan ajin suka zo wucewa, takan shige tsakanin kantocin littattafai har sai sun wuce.