Fitar Despina da 'Ya'yanta Daga Darwin

Despina na suyar kifi a bayan shagonsu a garin Darwin lokacin da Doolan ya leƙo. Maƙwabcinsu ne, wanda hukuma ta ɗaura wa ƙyalle a dantse ta ba shi kula da unguwa. Ya ce gobe mata da yara za su hau jirgin ruwa zuwa kudu, kowace mace da akwati ɗaya.

Mijinta Manolis ya ajiye wuƙar gyaran kifi.

"Doolan, don an ɗaura maka tsumma shi ke nan ka zama gwamna? 'Ya'yana ba inda za su."

"Japanawa sun matso, Manolis. Ga tashar jirage, ga tankunan mai, ga gidanka a tsakiya. Ruwan sha bai ishi sojoji ba balle yara. In aka fara kwaso masu rauni, a wane gado za a kwantar da ɗanka?"

"Ƙarya kuke. Gidajenmu kuke so ku zuba sojoji."

Doolan ya wuce gida na gaba.

Despina ta sauke kaskon. Haushin Doolan take ji, amma na mijinta ya fi ci mata rai.

"Kai tun kana yaro aka kawo ka ƙasar nan," in ji ta. "Ba ka taɓa jin ƙarar igwa ba. Ni na ji a tsibirinmu na Girka. Haka babana ya dage, wai ba mai korarsa daga gidansa. A hannuna ƙanena Lefteris ya cika."

"Wancan yaƙin daban ne."

"Sai ka yi wa bam ɗin wannan bayani in ya zo. Ka zauna gadin kaskonka. Irini da Tasos kam, da su zan tafi."

"Idan kika fita da su..."

"Sai me? Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba, kuma washegari bai raka su ba.

Jirgin ya cika maƙil, ga zafi, ga tagogi a rufe don tsoron abokan gaba. Tasos ya yi ta amai. Irini ta daina yi wa uwarta magana, ta ce ita ta raba su da Baba. Despina ta haɗiye, ta ci gaba da goge amai. Da suka sauka a birnin Perth, wata 'yar'uwarta ta ba su ɗaki, ta samo mata aikin wanke-wanke a gidan abinci.

A watan Fabrairu jiragen Japan suka yi wa Darwin ruwan bama-bamai. Makonni suka shuɗe ba labarin Manolis. Kullum tana cuɗa tukwane tana zaginsa a zuci, don in ta daina zagin kuka ne zai zo.

Wata rana da hantsi sai ga shi a bakin ƙofa, ya rame, wuya duk ƙashi. Yaran suka ƙanƙame shi. Ya dube ta ta saman kawunansu.

"Bam bai taɓa gidan ba. Namu sojojin suka fasa shi, har keken ɗinkinki sun ɗauke. Ai na faɗa miki."

"Wato ta'aziyyar keken ɗinki ka zo yi min?"

Ta dangwarar masa da kwanon miya. Da ya ɗauki cokali ta ga hannunsa na rawa, miyar na zuba a tebur. Ta kora yaran waje.

"Gawarwaki muka yi ta tsamowa a bakin teku," in ji shi a hankali. "Duk baƙin mai a jikinsu. Ina janyo mutum ina cewa, da yaran nan suna nan..."

"Da ka tsamo su su ma."

Ya sunkuyar da kai. Ta jira ya ce ta yi gaskiya, bai ce ba. Ta karɓe cokalin, ta yayyanka masa burodi a cikin miyar yadda zai iya ci da hannu, sannan ta ɗaura ɗankwalinta ta koma wajen aiki, don ta makara.