Takardar Jinin Yahuza

A wajen sadakar bakwai na fara jin maganar, daga bakin wata mai tuƙa tuwo: wai Zulfa ce ta zuba wa mijinta maganin ɓera a fura. Kafin arba'in, har a motar Kafin Hausa ana yi. Hujjarsu ɗaya ce. Kububuwa ta sari mijin nata, Yahuza, a gonar gyaɗa, aka ɗora masa baƙin dutse, dutsen ya faɗi da kansa, alamar ya shanye dafin. Mutum ya tashi har ya je Juma'a. To me zai sa a kwana na biyar jini ya ɓalle masa ta dasashi da hanci, in ba hannun mutum ba?

Yahuza ɗan yayana Malam Arzika ne. Yayan ne ya ɗora dutsen, kuma shi ya yanke cewa ranar da Zulfa ta fita takaba za ta koma gidansu ita kaɗai, ta bar masa jikokinsa biyu.

Na same ta a ɗaki, ta rame, wuya duk ƙashi.

"Gwaggo, ƙwarya ɗaya muka sha furar nan, ni da shi."

"Kin gaya musu?"

"Sun ce ai mai zubawa ta san gefen da za ta sha."

Na tambaye ta abin da aka dawo da shi daga asibitin Dutse, inda ya cika. Ta jawo wata leda. Rigarsa ce a ciki da takardu uku, ba wanda ya buɗe su. A ɗaya an zagaye wata kalma da jan biro, fibirinojin, a gabanta 0.3.

Na koyar da ilimin halittu shekara talatin, amma ban yarda da abin da ya rage a kaina ba. Na koma Dutse na nemi Muhyiddeen, tsohon ɗalibina da ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin.

"Malama, yau ke ce da tambaya? Bari in gyara zama, na daɗe ina jiran ranar nan."

"Kai da ka ci talatin da biyu a jarrabawata? Karanta mini."

Ya duba takardar, dariyar ta tsaya. Ya ce hanta ce ke yin fibirinojin, yana yawo a cikin jini. In an ji rauni sai ya koma zare-zare kamar raga, ya kama jinin ya daskare. Lafiyayyen mutum yana da giram biyu zuwa huɗu a kowace lita. Yakan hau in jiki na fama da kumburi, ko mace na da ciki. Yakan sauka in hanta ta lalace, ko wani abu ya cinye shi.

"Maganin ɓera fa?"

"Irin wanda ke sa zubar jini, wasu sinadaran yake hana hanta yi, ba wannan ba. Da shi ne, da kin ga lambar nan a inda take. Amma dafin kububuwa, Malama, tilasta jini yake ya yi ta ƙulla ƙananan gudaji a cikin jiki har fibirinojin ya ƙare. Mutum yana tafiya, yana cin tuwo, alhali ko ƙaya ce ta soke shi jinin ba zai tsaya ba."

Na ce takarda ɗaya ba ta ishe ni in fuskanci gari guda ba. Ya kai ni wajen likitar da ta karɓi Yahuza. Na gaya mata ni gwaggonsa ce, da abin da ke shirin samun matarsa. Ta ɗauko bayanansa. Hantarsa lafiya lau. Sun bar jininsa a kwalba minti ashirin, yana nan kamar ruwa. Sun yi masa allurar kashe dafi, amma jini ya riga ya zuba masa a ƙwaƙwalwa tun a hanya.

"Dutsen fa, 'yar nan?"

"Jinin bakin ciwon ne ke riƙe shi, Mama. In ya bushe sai ya faɗi."

Kwana uku takardar tana jakata a unguwar Yalwawa ta Dutse, na kasa hawa motar komawa wajen Yaya. Na fita neman abin da zai wanke yarinya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina a kan wa zai sauka ba.

Na tarar da Yaya a zaure yana ɓarar gyaɗa. Ya tsufa a wata biyun nan fiye da shekara goma.

"An ce kina yawo asibiti da sunan ɗana."

"Na je, Yaya."

"Mutum nawa na tayar da dutsen nan? Kin ƙirga?"

"Ba kowane sara ne ke shigar da dafi ba."

Ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa a tafinsa.

"Ranar da macijin ya sare shi, yarinyar ta ce mu kai shi Dutse," in ji shi. "Na ce ta koma ɗaki."

Ya ɗaga murya ya ce a kira uwar yaran nan ta tsaya bayan ƙyaure ta ji. Da muka ji motsinta, sai ya dube ni.

"Faɗa mana. Kada ki zagaya."

Na ce, "Zulfa ba ta zuba masa komai ba. Dafin kububuwa ne ya kashe Yahuza. Dutsen bai cire komai ba. Kwana biyar dafin yana cinye masa jini a gidan nan, maganinsa kuma yana asibiti."