Tela a Cikin Sulken Koci

…kuma ba nauyin ne ya dame shi ba, warin ne. Zufar Koci Kityo tana nan daram a cikin soson wannan kejin ƙarfe da ake kifa wa fuska, ita da man zafin da yake shafa wa gwiwoyinsa. Mutum ya yi watanni kwance a ƙarƙashin ayabar gidansu, amma zufarsa ba ta samu labari ba. Ga Ssemakula tsugune a filin bayan coci, sulken mamaci a ƙirjinsa, hannun hagu a cikin safar fatar mamaci — shi, tela, wanda ko lemo aka cillo masa sai ya runtse ido. Wa ya aike shi? Ba wanda ya aike shi. Can a kan ɗan tudun jifa 'yarsa Namakula tana tsaye, 'yar shekara goma sha uku, tana jujjuya ƙwallo a hannu kamar ba ta san abin da ake yi da ita ba.

Ta sani mana. Garin nan kaf ya sani. 'Yan acaɓa da ba su san kan besbol ba balle gindinsa sukan kashe babur a bakin fili don kawai su ji ƙarar nan in ta yi jifa Koci ya cafe. Shi daga shago yake jin ta, ta ratsa kukan keken ɗinki, ta ratsa rediyo. Sai ya ce a ransa: ga tawa can. Bai taɓa faɗa mata ba… ko ya taɓa? Bai taɓa ba.

Ta jefo.

A hankali, daga ƙasa, kamar mai miƙo ƙwai. Ƙwallon ta zo ta kwanta a cikin safar, ko motsi hannunsa bai yi ba. Ya mayar mata, tasa ta karkace, ta bi ta ɗauko. Rana tana gangarawa bayan gonakin rake, hasken ya yi ruwan zuma, hayaƙin girki yana shawagi ƙasa-ƙasa, filin kamar ya ɗan tashi daga inda aka ajiye shi. Babba-da-jaka biyu a kan rufin coci, sun sunkuyar da kai irin na dattawa a wurin makoki. Ta cikin sandunan kejin nan komai a yanke yake gunduwa-gunduwa — sama, rake, yarinya. Ashe haka Koci yake ganin duniya kowace yamma?

Da can Koci yakan shigo shago, leda a hannu, cike da ƙwallaye masu fashewar ciki. Ssebo, malam tela, ga majinyatanka na kawo. Ya zauna a benci ba a ce ya zauna ba, ya zaro gyaɗa daga aljihu, ɓawon kuwa cikin ƙyallayen mutane. Shi yana ɗinke fatar da jan zare mai kakin zuma, Koci yana surutu. Wai wannan hannun da allura kaɗai ya iya riƙewa, ina yarinyar ta samo nata? A dai sake tambayar uwarta Nabbosa da kyau. Shi kuma ya ce wanda gwiwoyinsa ke kuka kamar ƙofar tsohon shago ba shi da bakin zagin gaɓoɓin wani. Dariya har da tari… tarin nan. Yana jin tarin nan tun tuni. Kowa yana ji. An ɗauka ƙurar fili ce.

Ta sake jefowa. Ƙwai na biyu.

Yammacin da abin ya faru ma haka hasken yake. Ƙwallo ta kuɓuce mata, ta wuce safar, ta daki Koci a ƙirji — nan, daidai nan, inda sulken ya ɗan lotsa. Yaran sun ce dariya ya yi. Ya ce ta sake, ta sake, aka gama wasa lafiya, ya je gindin mangwaro ya zauna zai kwance igiyar takalmi. Suka tattara kaya, suka yi ta jiransa ya tashi. Ɗaya ya ce barci ne, a ƙyale shi, ya gaji. Takalmi ɗaya a kwance, ɗaya a ɗaure… Likita ya ce zuciya ce, tsohon ciwo, da ƙwallo da ba ƙwallo ranar tana tafe. Matar Koci, Nambooze, ta faɗa a gaban kowa cewa ya daɗe da yin watsi da maganinsa, wai yana sa shi kasala a fili. An faɗa, an maimaita, har limamin coci ya faɗa. Yarinya tana wurin, kunnuwanta a buɗe. Ina maganar ta shiga? Ba ta shiga ko'ina ba.

Nabbosa ce ta gaya masa, ita ma sai da ta yi ta kewaye-kewaye. Suna ɓare matoke a bayan gida, uwa da 'ya, wuƙa tana tafiya, ɗanyar ayaba tana faɗawa tukunya, sai yarinyar ta ce, ba ta ko ɗago kai ba: "Maama, ni ce fa." Shi ke nan. Ta ci gaba da ɓara. Tun daga ranar mangwaron ba ta sake jifan komai da ƙarfi ba, ko akuyar maƙwabta da ke shigo musu gona sai dai ta tafa mata hannu. Tana ci, tana zuwa makaranta, tana durƙusawa ta gaishe shi da safe, hannun daman nan a naɗe a jikinta kamar abin da ta sato. Yarinyar da tana rarrafe take jifansa da ƙwaryar zare daga ƙarƙashin keke… tana tsoron hannunta. 'Yarsa tana tsoron hannunta, shi kuma yana zaune yana kafa maɓalli.

Ranar da aka naɗa magaji ya je. Dole a naɗa, mutum ba ya tafiya ya bar wurinsa wayam. Ɗan ƙanen Koci ne, ya zo daga Kampala da takalmi mai ƙyalli, aka ɗaura masa mayafin ɓawon itace a kafaɗa, aka ba shi mashi, dattawa suka yi masa nasiha, mata suka yi guɗa. Yaro mai hankali, ba laifi. Daga yau shi ne Kityo, in ji su. Kityo? Wannan da ko tsugunno bai iya ba saboda wando? Washegari sai ga Nambooze a ƙofar shago da jakar kayan wasa a ka. Ta sauke, ta share fuska da gefen zane.

"Gida ya samu magaji, gona ta samu. Wannan kuwa ba wanda ya ko tambaya. Kai ne dai ka san cikinsu."

Cikinsu ya sani, gaskiya ne. Ya farke su, ya ɗinke su. Wajensu ne bai sani ba.

An yi wa Nambooze ta'aziyya, an yi wa yara, an yi wa ɗan Kampala. Shi fa? Shi ba dangi ba, shi ba ɗan wasa ba — tela ne mai gyaran ƙwallo. Wa zai tuna da shi? Amma bencin nan… yamma tana yi sai ya tsinci kansa yana janye ƙyallaye daga kai, yana yi wa mutum wuri. Yana kewar mutumin. Kewa mai ciwo, irin wadda ba a san wa za a kai wa ba. Aboki ɗaya gare shi a garin nan, kuma bai san abokinsa ba ne sai da bencin ya koma benci.

Namakula ta jefo ta uku. Har ta fi na baya laushi.

"Namakula, kaza kika mayar da ni, kike watso min tsaba?"

Muryarsa ta fito a daƙile ta cikin ƙarfe, kamar ta wani. Ta tsaya. Ta kalli safar, ba shi ba.

"Taata, yatsunka fa."

Yatsunsa. Rigunan bikin gidan Lule suna can a yanke, an jera su kan tebur, amarya tana aike safe da yamma. Yatsa ɗaya ya goce, an shiga uku da matan gidan nan. Ta san haka, 'yar tela ce. Amma ba yatsun take nufi ba, shi ma ya san ba su take nufi ba, kuma ba wanda zai faɗi ɗayar maganar a filin nan. Me Koci yake ce mata a irin wannan lokaci? Yana da kalmomi, mutumin nan, aljihu cike, kamar gyaɗarsa. Shi ba shi da su. Abin da yake da shi kaɗai… ƙirji. Ƙirji da hannu da tsoro. Tsoro kam akwai shi. In ta kuɓuce fa? In ta daki wurin da ya lotsa? Zuciyarsa lafiya take — wa ya duba? Ba wanda ya taɓa dubawa.

Ya daki cikin safar da dunƙulen hannun dama. Ya sake. Ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa, ya buɗe.

"Yatsuna nawa ne. Jefo yadda kika iya, ina nan."

Wata saniya tana kiwo can inda yara ke tsayawa da, igiyarta tana jan ƙasa. Hayaƙi. Ƙararrawar keke daga nesa, kamar daga wata shekarar. Tsakaninsa da ita filin yana miƙewa yana dawowa, ta yi ƙanƙanta, ga ta da tef ɗin awo a baki tana tauna, ga ta a bayan Nabbosa, ga ta da ƙafafu dogaye waɗanda bai san yaushe suka yi tsawo ba. Fuskarta ta canza. Bai san wannan fuskar ba. Haushi ne? Shi take jin haushi, ko wanda ya zauna a gindin bishiya ya ƙi tashi? Ta juya gefe. Gwiwa ta ɗaga, sama, sama — kada ka rufe ido, Ssemakula, don Allah kada ka —

Ƙarar ta riga zafin isowa. Tsuntsayen nan suka bar rufin coci. Sannan wuta, daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu zuwa haƙora, yatsun sun tafi, ba ya jin ko ɗaya. Tana ciki? Tana ciki. Ya riƙe. Wannan… wannan ne abin da yake ji daga shago yana murmushi? Wannan nauyin duka a jikin yarinyar da ke kawo masa shayi? Koci ya san ta haka kowace yamma, shi sai yau. Hawaye suna bin soson, suna haɗuwa da zufar wancan.

Bari ya ɗan zauna. Ɗan kaɗan kawai, ƙasa tana nan kusa, jar ƙasa mai ɗumi, ya miƙe ƙafafun nan da suka mutu tun ɗazu, ya ja numfashi…

Ba ta miƙo hannu a mayar mata da ƙwallo ba. Ta tsaya cak a kan tudun, hannayenta biyu a baki, ko ƙifta ido ba ta yi. Ba ƙwallon take jira ba, tashinsa take jira — Koci ma zama ya yi. A'a, ba zama. Yau ba zama, ko na numfashi ɗaya. Ya dafa ƙasa da hannun da ya rage masa, ya tura. Gwiwar dama ba ta amsa ba tukuna… Sulken ya yi nauyi. Tana kallo.