Irin Baba Shuɗi

"Ba haka ba, 'yata," in ji tsohon daga kan katifa. "Goga shi a siminti sai kin ga fari-fari. Bayansa tauri gare shi, ruwa ba ya shigarsa."

Mai ɗinki ta durƙusa a bakin ƙofa tana goga ƙwayar irin da ba ta kai wake ba. Bayanta kamar zai rabe biyu. Tun safe take kan keke, ga kayan mutane jibge suna jiranta. Abinci kawai ta shigo kawo wa maƙwabcinta, sai ga ta a makarantar noma.

Baba Shuɗi yaran layin suke kiransa, saboda furen da ya lulluɓe katangar da ke tsakanin gidajen biyu. Lokacin da yake tuƙa babbar mota ya zo da irin daga wata ƙasa mai nisa, ko shi bai san sunansa ba. Kullum da safe yakan tsinki furannin ya zuba a ruwan zafi, ruwan ya koma shuɗi shar. In ya matsa lemon tsami, sai ya juya ja-ja. Babu gidan da bai kai wa iri ba. Kowa ya karɓa da godiya, ya watsa a bayan ɗaki, ko tsiro ɗaya ba a samu ba. Bayanin tsohon ne ya cika tsawo, ba mai haƙurin jin ƙarshensa. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce a koma da shi gida.

"Ɗana zai sayar da gidan nan," ya ce. "Ban ga laifinsa ba. Amma wanda ya saya, katangar nan zai fara rushewa. In irin nan bai fito a wajenki ba, shi ke nan, tare za mu tafi."

"Haba Baba, ka daina irin wannan magana."

"To, ki jiƙa shi ya kwana tukuna."

Ta jiƙa, ta shuka a gwangwanin madara, ta ajiye kusa da keken ɗinkinta. Daga nan kuma ta shiga uku. Kullum ta kai masa shayin furen, kafin ta ajiye kofin zai ce, "Ya fito?"

"Tukuna, Baba."

Ta gaji da tambayar, ta gaji da amsar, har ta fara jan ƙafa wajen shiga. Ranar da ta tarar ba ya iya ɗaga kofin, sai ta ji tausayi ya rufe ta.

"Ya fito, Baba," ta ce.

Bai buɗe ido ba. Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya.

"Da ya fito, da gwangwanin kin shigo da shi," ya ce. "Amma na gode, 'yata."

Washegari da hantsi ya rasu. Ɗansa ya iso daga birni, mutum mai kirki, idanunsa jajir. Tsakar gidan ya yi wa masu gaisuwa kaɗan, sai ya sa aka sare furen tun daga tushe don a jera kujeru. Mai ɗinki tana kallo aka ja shi waje da igiyoyinsa. Ba gidanta ba ne balle ta hana.

Bayan mutane sun watse ta koma kan keke. Wata safiya bobin, ɗan ƙarfen da ake naɗe zare, ya faɗi, ta sunkuya ɗauka, sai ta ga ƙasar gwangwanin ta tsage. Wani ɗan kore ya leƙo, ɓawon irin har yanzu a kansa kamar hula.

Ta ɗauki gwangwanin da sauri, har ta kai ƙofar tsohon kafin ta ga an rufe ta da kwaɗo. Sannan ta dawo, ta ajiye shi a gindin katangar ta wajenta, ta ɗauro zaren ɗinki a wata ƙusa, ta sako bakinsa har cikin gwangwanin don tsiron ya bi ya hau.