Ƙofar da aka auna da tumbin Kawu Tulu

Shingen katakon da ya raba bayan gidana da na ƙanin matata ya haura shekara goma sha biyar a tsaye. Gara ta ci gindinsa, ruwan sama ya ƙarasa sauran, har katako huɗu suka zube kusa da famfo, aka samu kafar da jaki zai shige da kayansa. Ta nan ƙanin matata yake ɓullowa kullum da rana, daidai lokacin sauke tukunya. Yara na kiransa Kawu Tulu saboda tumbinsa, bai kuma taɓa jin haushi ba. Gwauro ne, ba ya hura wuta, hancinsa kuwa ya fi agogo cika alkawari.

Ni ba abincin nake ƙyashi ba, Allah ya sani. Naman ne. Kwano ɗaya ake zuba mana, kafin in gama naɗe hannun riga ya tsince tsoka ya bar min ƙashi da romo. Shekara uku rabona da yanka mai kyau a gidana.

Sai na ce wa uwar yara zan kira mai gyara ya ta da shingen, saboda tsaro. Ta yi min kallon da take yi wa mai kayan miya idan ya fara rantsuwa, ta ce to, amma a bar ƙofa, don ba za ta riƙa zagayawa ta titi ba in tana son ganin ɗan'uwanta. Zagayen kuwa ba wasa ba ne. Gidajen sun juya wa juna baya, kowanne da layinsa, sai ka yi tafiyar minti goma sha biyar har da hawa. Tulu ko kyauta ake rabawa ba ya wannan tafiyar.

Aka nuna min wani kafinta a bayan tasha, siriri, fensir a kunne, magana kamar ana sayar masa da ita. Ya zo ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana soka musu ƙusa a gindi. Ya ce uku za su rayu, sauran sai sababbi, a shafe su da baƙin mai saboda gara, a dasa su cikin siminti. Da ya tambayi faɗin ƙofa, na ja shi bayan famfo na kwance masa cikina: ƙofa nake so wadda matata za ta wuce da kwano a hannu, ƙaninta kuma ya tsaya a inda yake.

Ko murmushi bai yi ba. Ya sosa ƙeya da fensir ya ce, "Maigida, mutum in ƙofa ta matse masa juyawa yake ya shiga a kaikaice. Ba kafaɗa ake aunawa ba. Daga cibiya zuwa gadon baya ne. Kuma a auna shi kafin ya ci, tunda da yunwa yake zuwa."

Nan na san na samu ma'aikaci.

Shi ba ya amfani da ma'auni irin na shago. Igiya gare shi, kowane awo ya ƙulla mata ƙulli. Da rana Tulu ya ɓullo yana shinshina iska, kafinta ya roƙe shi ya jingina bayansa da sabon ginshiƙi, wai yana son ya ga ko ya miƙe. Tulu ya ji an ba shi muhimmanci, ya tsaya ƙyam kamar soja. Kafinta ya ce ya ɗan shanye ciki igiya ta wuce, ya shanye har idonsa ya yi ja. Aka ƙulla. Da Tulu ya juya, kafinta ya rage yatsa biyu ya sake ƙullawa.

Kwana uku ana aiki, Tulu ne mai riƙe katako, yana ta yabon kafinta, yana cewa yayarsa ta yi dacen miji mai kula da gida. Ranar da aka rataya ƙyaure, uwar yara ta shiga ta fito, ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta koma kicin.

Washegari na zauna a inuwa na kasa kunne. Na ji ƙarar ƙyaure, sai nishi. Tulu ya gwada ta gaba, ya gwada a kaikaice, ya tuɓe riga ya sake gwadawa. Ƙafa ɗaya da kafaɗa ɗaya suka iso gidana, sauran suka ƙi.

"Yaya, wannan ƙofar ta kaji ce?"

Na taso da fuskar jimami, na ce kafintocin yanzu sai addu'a, ga shi siminti ya riga ya kama. Ranar na ci nama har na gaji da tauna.

Kwana ɗaya na yi a wannan daula. Rana ta biyu aka ajiye min kwano, na buɗe, wuya da ƙafa. Na tambaya ina sauran kazar. Uwar yara ta ce ai yanzu kwano biyu ne, kuma na ƙaninta take fara zubawa don kada ya huce a hanya. Na ce hanyar taku goma ce. Ta ce kwanon da zai fita daga gida ba a zuba masa abin kunya, ni kuwa na gida ne, kowa ya san ina da haƙuri. Da, ko ba komai ina ganin tsokar kafin ta tafi. Yanzu ƙamshinta kawai ke wucewa ta gabana da murfi a kai.

Na daure mako guda, na koma bayan tasha na ce wa kafinta a faɗaɗa ƙofa. Ya ce ginshiƙan sun shiga ƙasa har gwiwa, aikinsa ba ya motsi, sai dai a rushe rabin shingen, shi kuma yana da aikin wata guda a gabansa. Sannan ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ni ina wucewa. Na ce a kaikaice, ina wucewa. Ya ɗauki zartonsa ya ci gaba da yanka.

Kashegari da uwar yara ta kai kwano ta dawo, na wanke hannu, na shanye ciki, na bi ta ƙofar, maɓallin rigata ɗaya ya tsaya a can. Na tarar da Tulu ya buɗe murfi yana zaɓen inda zai fara. Na yi sallama na zauna, na kai hannu kan cinya kafin ya gama amsawa.

Kwana huɗu ke nan ina zuwa, ban makara ko sau ɗaya ba. Jiya da yamma na ji shi ta saman shinge yana tambayar yayarsa inda kafintan nan yake zama, wai ƙofar ta yi faɗi da yawa, iska tana damunsa.